An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Ku masu zama bayan teburi ranar ɗaukar ma'aikata, yau da ku nake. Mai neman aiki ya sha nasiha har ta ginshe shi, ku ne ba wanda ya taɓa zaunarwa.

A ɗauka a Shikago ne, ko a Mancesta. Wani kamfani yana neman mai kula da lissafin kaya a sito. Mutum ya shigo, ɗan gajere, da ɗan gemunsa, kwat a goge. Kun tambaye shi: in littafi ya ce katan ɗari biyar, aka ƙirga aka sami ɗari huɗu da sittin, ta ina zai fara? Ya ce zai fara da takardun karɓar kaya na ranar da mota ta sauke, sannan ya bi sa hannun masu fitarwa ɗaya bayan ɗaya, domin sau da yawa kayan tun a bakin ƙofa suke raguwa. Kuka gyaɗa kai. Minti goma sha biyar komai lafiya lau.

Sai ɗayanku ya juya shafi, ya ga takardar digiri da sunan mace. Ya ɗago ya dubi gemu, ya koma ya dubi takarda. Daga nan intabiyu ta mutu, aka shiga ƙwaƙwa. Tun yaushe? An yi maka tiyata? Iyayenka me suka ce? Wane banɗaki za ka riƙa shiga? Bayan kwana uku saƙo ya iske shi: mun gode, mun sami wanda ya fi dacewa da tsarinmu.

Wannan mutum yana cikin waɗanda aka haifa aka rubuta su mata, daga baya suka sauya jinsi suna rayuwa a matsayin maza. A Amurka da Birtaniya akwai tarin shawarwari da ake ba irinsu kafin ranar intabiyu, kuma ina so ku ji su da kunnenku, don ku san irin shirin da ake yi kafin a shigo gabanku.

Ana ce masa: rubuta sunan da ake kiranka da shi a kan CV, domin CV ba takardar rantsuwa ba ce. Sunan da ke kan fasfo, in bai riga ya canza ba, ka ajiye shi sai inda doka ta nema, kamar fom ɗin I-9 da ake cikewa a Amurka bayan an riga an ba mutum aiki, ko takardar amincewa da binciken tarihinsa. Ana ce masa: buga wa tsofaffin iyayen gidanka waya tun kafin kamfani ya kira su, ka gaya musu sunan da za su ji, kada a tambaye su labarinka su ce ba su taɓa aiki da mai wannan suna ba. Nemi jami'arka ta sake buga maka takardar digiri. In makarantar 'yan mata zalla ka yi, ka shirya amsa, don sunan makarantar kaɗai ya isa ya fallasa ka.

Ana ce masa: kwat ɗin kanti an yanka shi ne bisa dogon mutum mai faɗin kafaɗa, kai wa tela ya rage hannu da ƙafar wando, kada ka shiga kamar yaron da ya ari kayan yayansa. In kana sa rigar matse ƙirji, gwada zama da ita a gida ka ga ko numfashi zai ishe ka magana, kuma kada ta wuce awa takwas a jikinka. In aikin gwamnatin tarayyar Amurka kake nema, akwai tambayar da ake yi wa duk namijin da aka haifa bayan 31 ga Disamba 1959, ko ya yi rajista da hukumar Selective Service, wadda ke riƙe sunayen samarin da za a iya kira soja. Wanda aka rubuta mace ranar haihuwa dokar ba ta hau kansa ba, don haka ka nemi wasiƙar hukumar da ke bayyana matsayinka, kada a ɗauka gudun doka ka yi. In a Ingila kake, hukumar DBS mai binciken tarihin laifuka tana da wata hanya ta sirri da za ka bi, a bincika tsohon sunanka ba tare da mai ɗaukar aiki ya gan shi ba. A ƙarshe kuma, haddace wata amsa mai laushi da za ka kauce da ita in an tambaye ka abin da ke cikin wandonka, ka mayar da zance kan aiki ba tare da ran kowa ya ɓaci ba.

Duk shawarwarin nan masu kyau ne, ban ga wadda zan cire ba. Amma ku sake bin su ɗaya-ɗaya. Ina maganar lissafin kaya a ciki? Ina maganar iya kwamfuta, ko riƙon amana, ko zuwa a kan lokaci? Babu. Mutum ya kwana yana shiri kamar mai tsallaka iyaka da dare, ba don yana ɗauke da kayan laifi ba, sai don ya san halin masu tsaron ƙofa. An cika shi da dabarun kauce wa tambayar banza, ba wanda ya ce da mai tambayar ya kama bakinsa. An bar jaki ana dukan taiki.

To, ga laifinku ba tare da kwana-kwana ba. An ba ku amanar auna abu ɗaya, wato ko wannan mutum zai iya aikin nan, kuka ajiye ma'auni kuka shiga sharo ba shanu. Mai kamfani ya biya ku ku zaɓo masa gwani, kuka ɓata masa lokaci kuna kashe ƙishirwar gulmarku. Kun cuci mai neman aiki, kun cuci wanda ya aiko ku, kuma kun fita daga ɗakin kuna jin kun yi aiki.

Kada ku ce abin bai kai ya kawo ba. A 2015 wata ƙungiya a Amurka, National Center for Transgender Equality, ta gudanar da bincike a kan masu sauya jinsi 27,715. Kashi 15 cikin ɗari ba su da aikin yi, a lokacin da rashin aiki a ƙasar baki ɗaya yake kashi 5. Ninki uku ke nan. Cikin waɗanda suka riƙe aiki ko suka nema a shekarar da ta gabata, kashi 27 sun ce an kore su, ko an hana su ƙarin girma, ko an ƙi ɗaukarsu saboda jinsinsu. Kashi 68 ba su da ko katin shaida ɗaya da ke ɗauke da suna da jinsin da suke rayuwa da su. Wato takardar nan da ta tsayar muku da numfashi, ita ce halin da mafi yawansu ke ciki, don canza suna a kotu kuɗi ne, kuɗi kuwa sai da aiki, aikin kuma kun hana.

Za ku ce ai ku gogaggu ne, da ganin mutum kun san ko zai iya. Bari in ba ku labarin Ben Barres, ku ji darajar wannan gani naku. Masanin ƙwaƙwalwa ne a Jami'ar Stanford, ya yi suna wajen binciken ƙwayoyin da ake kira giliya, waɗanda da can aka raina aikinsu a ƙwaƙwalwa. Ya yi karatu a MIT da Dartmouth da Harvard yana mace, ya sauya jinsi a 1997 yana da shekara arba'in da 'yan kai. Lokacin yana ɗalibta a MIT ya warware wani lissafi mai wuya da ya gagari ajin da kusan duk maza ne, malamin ya ce ai saurayi ne ya yi masa. Bayan ya koma namiji ya gabatar da lacca, sai aka ji wani malami yana yabawa, yana cewa aikin Ben ya fi na 'yar'uwarsa nesa ba kusa ba. Babu wata 'yar'uwa a wannan fage. Aikin da malamin ya raina da wanda ya yaba, kai ɗaya ne ya haife su. A 2006 Barres ya rubuta a mujallar Nature cewa babban bambancin da ya gani shi ne waɗanda ba su san tarihinsa ba sun fi girmama shi, har yana iya kai ƙarshen jimla ba wani namiji ya katse shi ba. Ya shugabanci sashensa daga 2008, aka zaɓe shi cikin Majalisar Masana Kimiyya ta Amurka a 2013, ya rasu a Disamba 2017.

Wancan malami farfesa ne, aikinsa ke nan auna hujja, amma suna da gemu suka ruɗe shi. Ku kuma da kuka ga mutum na minti ashirin, me ya sa kuke jin idonku ya fi nasa?

Wata masaniyar zamantakewa, Kristen Schilt, ta bi irin waɗannan maza zuwa wuraren aikinsu, ta fitar da littafi a 2010. Da yawa sun gaya mata cewa bayan sun koma maza an fi sauraronsu a taro, an fi yarda da ra'ayinsu, alhali iliminsu bai ƙaru da ko harafi ɗaya ba. Amma wannan riba ba ta kai ga kowa ba. Dogaye farare ne suka fi cin ta. Gajeru an mayar da su yara, baƙaƙe kuwa sun tarar da sabon zargi yana jiransu, irin wanda ake bin baƙin namiji da shi a Amurka. Mutum ɗaya, ƙwarewa ɗaya, farashi yana hawa yana sauka bisa tsawo da launi da kaurin murya. Mai awon da mudunsa ke canza girma gwargwadon fuskar mai saye, a kasuwa ma sunansa macuci.

Kuma cutar ta girmi batun sauya jinsi. A 2004 Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan sun wallafa sakamakon wani gwaji: sun aika takardun neman aiki kusan 5,000 ga kamfanoni a Boston da Shikago, suna sauya suna kawai. Sunayen da ake dangantawa da farare sun sami kiran intabiyu da ya ɗara na sunayen baƙaƙe da kashi 50 cikin ɗari. Idon da ya tsaya a kan suna a can, shi ne ya tsaya a kan takardar digirin nan.

Na san uzurorinku, kowane ɗaki iri ɗaya ne. Na farko: ya yaudare mu, bai gaya mana ba. Bai gaya muku me ba? Ku da kuke zaune, wa ya fara intabiyu da bayyana tiyatar da aka taɓa yi masa, ko maganin da yake sha, ko dalilin mutuwar aurensa? Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Yaudara ita ce mutum ya ce yana da digirin da ba shi da shi, ko ya ɓoye cewa an kore shi saboda sata. Wannan kuna da haƙƙin tonawa har ƙasa. Abin da ke tsakanin mutum da likitansa kuwa, ba ya cikin abin da kuke saye da albashi.

Na biyu: abokan ciniki ba za su so ba. Wannan uzuri tsoho ne, da shi aka daɗe ana hana baƙaƙe tsayawa a gaban kanti, da shi ake hana mai hijabi zama a teburin karɓar baƙi a wasu biranen Turai. Kullum mai ƙyamar yana ɓuya bayan wani abokin ciniki da ba a taɓa gani ba. In kai ne ba ka so, ka ce kai ne, kada ka ɗora wa mutanen da ba su san ana yi ba.

Na uku: banɗaki fa? Wannan tambaya ce ta tsarin gini da dokar wurin, ofishin kula da ma'aikata ne zai warware ta bayan an ɗauki mutum. Ba a taɓa auna akanta da ƙofar da yake shiga ba.

Na huɗu shi ne mai nauyi, kuma ba zan yi masa wasa ba: imanina bai yarda da wannan abu ba. Da yawa cikin masu karanta wannan haka suke ji, Musulmi da Kirista, kuma ban zo yin muhawara da kowa a kan aƙidarsa ba. Amma kujerar da kake kai ta ɗaukar ma'aikaci ce, ba ta alƙali ba, ba ta mai fatawa ba. Makon jiya ka ɗauki mashayi, ka ɗauki wanda bai yarda da Allah ba sam, ba ka tambaye su komai ba sai aiki, kuma daidai ka yi. Addinin da kake kafa hujja da shi ya hana bin diddigin asirin mutane, ya hana tauye mudu. A ƙissar Annabi Musa a Madyana, da aka zo maganar ɗaukarsa aiki, siffa biyu aka ambata, ƙarfin yin aikin da riƙon amana. In kana neman ma'auni daga addini, ga shi nan. Riƙe ra'ayinka a zuciyarka abu ne da ba mai ƙwace maka. Toshe wa mutum hanyar abincinsa da kujerar da aka ba ka amana, wannan kuma zalunci ne, ko da wane suna ka kira shi.

Doka ma a waɗannan ƙasashe ba ta tare da ku. A 15 ga Yuni 2020 Kotun Ƙolin Amurka, da alƙalai 6 a kan 3, ta yanke a shari'ar Bostock cewa korar mutum saboda ya sauya jinsi wariya ce ta jinsi, wadda dokar 'yancin jama'a ta 1964 ta haramta ga duk wurin da ke da ma'aikata 15 ko fiye. Wanda ya rubuta hukuncin, Neil Gorsuch, ɗan ra'ayin riƙau ne, kuma Donald Trump ne ya naɗa shi. Cikin masu ƙarar akwai Aimee Stephens, wadda wani gidan shirya jana'iza a jihar Mishigan ya kora a 2013 bayan shekara shida tana aiki. Ta rasu a Mayu 2020, wata ɗaya kafin hukuncin. Dokar kare naƙasassu ta Amurka ta 1990 kuma ta hana yi wa mai neman aiki tambayoyin lafiya kafin a yi masa tayin aiki.

A Birtaniya dokar daidaito ta 2010 ta sa sauya jinsi cikin abubuwan da ba a nuna wa mutum wariya a kansu, sashe na 60 kuma ya taƙaita tambayoyin lafiya kafin tayi. Wata doka ta 2004 ta mai da shi laifi ga wanda ya san tarihin jinsin mai riƙe da takardar shaidar sauyi ta hanyar aikinsa, ya je ya yaɗa. Ko hukuncin Kotun Ƙolin ƙasar na 16 ga Afrilu 2025, wanda ya ce kalmar mace a dokar 2010 tana nufin jinsin haihuwa, ya faɗa a fili cewa kariyar masu sauya jinsi daga wariya tana nan daram. Alƙalan da suka saɓa wa buƙatarsu a wancan batu ba su ba ku lasisin korarsu ba.

Mai karatu a Kano ko Maraɗi zai ce ina ruwan biri da gada, dokokinmu daban, al'adarmu daban. Gaskiya ne, kuma shawarwarin da na lissafa a sama an gina su ne a kan dokokin can. Amma halin da nake tsawatarwa a kai ba ya buƙatar biza. Wace mace ce ta nemi aiki a nan ba a tambaye ta ko tana da aure ba, ko mijinta ya yarda, ko tana da niyyar haihuwa bana? Wa bai san tambayar nan ta "ɗan wace ƙaramar hukuma ne kai" ba, ko "wa ya turo ka"? Sashe na 42 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya hana wariya saboda ƙabila, ko asali, ko jinsi, ko addini. Wata doka ta 2014 ta hana tilasta gwajin cutar ƙanjamau a matsayin sharaɗin ɗaukar aiki. A Janairu 2019 aka sa hannu a dokar naƙasassu da ta ware musu kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati. Duk da haka gurgu yana shiga ɗaki a dubi sandarsa kafin takardarsa. Ɗan Arewa da ke neman aiki a Landan da suna Muhammad ya san wannan kallo, kallon da ke tsayawa a kan suna ya kasa wucewa. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Wanda ya yarda a tona wani yau don bai ƙaunaci rayuwarsa ba, ya buɗe ƙofar da gobe za a tona 'yarsa.

Gyaran kuwa ba ya cin ko sisi. Ku rubuta tambayoyinku tun kafin kowa ya shigo, duka a kan aikin, ku yi wa kowa iri ɗaya, a jere ɗaya. Kowane ɗan kwamiti ya ba da makinsa shi kaɗai kafin a haɗa baki, don kada muryar oga ta rinjayi sauran. Masana ɗaukar ma'aikata sun daɗe da nuna cewa intabiyu mai tsari irin wannan ta fi hirar kara-zube hango wanda zai yi ƙwazo. Ku ba mutum ɗan aiki ya yi a gabanku. Takardun shaida da tsohon suna su tsaya wurin jami'i ɗaya da ke tantance su, ba sai sun zagaya teburi ba. Ku kira mutum da sunan da ya gabatar da kansa, in harshe ya zame ku gyara ku wuce, ba sai an yi wa'azi ba. Tun shekarun 1970 manyan ƙungiyoyin makaɗa a Amurka suka koma gwada masu neman shiga bayan labule, wasu har da shimfiɗa darduma don kada ƙarar takalmi ta nuna mace ce ko namiji. Sun yarda cewa idonsu yana lalata musu kunne, suka ɗaure idon. Ku ba a ce ku rataya labule ba. An ce ku kama bakinku, ku dubi amsa.

Kai kuma mai neman aiki, ka ci gaba da shirinka, ka kai kwat wurin tela, ka kira tsofaffin iyayen gidanka, ka san dokar garin da kake. In an yi maka tambayar da ta wuce gona da iri, ka rubuta ta da ranar da sunan mai yin ta da zarar ka fito, domin ƙara a hukumar EEOC ta Amurka, mai karɓar ƙorafin wariya a wurin aiki, tana da wa'adi, galibi kwana 180, a Birtaniya ma akwai wa'adi. Ka sani kuma kai ma auna su kake yi. Wurin da aka fara da leƙa asirinka tun ba ka shiga ba, ka ga irin zaman da ke jiranka.

Ku kuwa yallaɓai, ku koma sitonku ku sake ƙirgawa. Katan arba'in ɗin nan har yau ba a gan su ba. Mutumin da ya gaya muku ta inda za a fara nema ya zauna a gabanku minti goma sha biyar, kuka sallame shi saboda sunan da ke shafi na biyu.